Kafin Baba Ya Manta

A ɗakin ɗibar jini na asibiti Allah Ya haɗa su. Shi malamin lissafi ne, yana riƙe da mahaifinsa wanda ciwon mantuwa ya fara cinye wa sunayen 'ya'yansa. Ita kuwa mai bincike ce, tana neman izinin ɗibar jinin tsohon.

"Me za ki gani a ciki?" in ji malamin.

"Fararen ƙwayoyin jini, masu gadin jiki. Idan suka ga cuta sai su fasa kansu, su watsa raga su kama ta. Muna zargin ragar, idan ta yi yawa, tana toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa."

"Ashe mai gadin ke ɓarna?"

"Tsaron ne ya yi masa yawa."

Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya sanya darasi a ɗigon jini! Tsohon ya raɗa mata suna Mai Allura, ɗan kuwa tun daga ranar zama ya gagare shi.

Wata rana tsohon ya kasa fita. Malamin ya sa aka ɗebi jinin a gida, ya cusa kwalbar cikin ƙanƙara, ya sheƙo a babur don ya burge ta.

"Wa ya aike ka?" in ji ta. "Sanyi da girgiza sun lalata ƙwayoyin tun a hanya!"

Ya fita jiki a sanyaye, ya tura mata saƙo: "Mai Allura, ni kike so ko jinin Baba?"

Ta amsa: "Malamina, ban yi maka alkawarin magani ba. Amma ina son ranar da zan shigo gidanku Baba ya gane ni."

Da maganar aure ta taso, sai mahaifinta ya ce a dakata. "Idan ciwon na gado ne fa?"

Ana ta dakatawa, tsohon yana ta nisa, har ya fara ce wa ɗansa "bawan Allah".

Ta durƙusa gaban mahaifinta. "Abba, na san kare ni kake yi. Amma a wurin aiki kullum ina ganin tsaron da ya wuce kima yana shaƙe abin da yake tsarewa. Ka je ka gani da idonka."

Ya je. Ya tarar da malamin yana yanke wa tsohon farce.

"Yaro, ɗan wane ne kai?" in ji tsohon.

"Naka ne, Baba. Miƙo ɗayan hannun."

Mahaifinta ya dube su, ya ce, "Wanda ya riƙe uban da ya manta shi ba zai saki 'yata ba. Gobe kuma ta Allah ce."

Ranar aure tsohon bai gane kowa ba, sai da amarya ta gaishe shi.

"Mai Allura! Yau ba allura?"

"Yau addu'a na zo karɓa, Baba."

Ya ɗaga hannu, ya yi musu ita tiryan-tiryan, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Allah Ya karɓa, Ya sa albarka.