Taka Totur Har Ƙasa

Harbi na biyu ne ya gaya wa Lorna Kivela cewa aiki ya ɓaci. Na farko da shi aka shirya, a silin za a yi don mutane su kwanta. Na biyu ba ya cikin shiri. Kafin ta gama juyawa aka yi na uku.

Tana zaune ne a mota a bayan shagon tsoho Ostlund, inji na aiki, but a buɗe, kujerun baya a kwance. La'asar ce ta ranar rufe gasar kamun kifi, kuma duk abin da aka tara a gasar yana cikin sef ɗin tsohon, wato akwatin ƙarfen ajiyar kuɗi. Sef ɗin suka zo ɗauka gaba ɗaya.

Ƙofar baya ta bugu da bango. Royce Tarbell ya fito yana tura sef a kan kurar hannu. A bayansa ƙaninta Wendell, a duƙe, hannu biyu a ciki, jini na bin yatsunsa.

"Yaya," ya ce, "tsohon nan yana da bindigar farauta."

Ta ɗaga shi ta kwantar a bayan motar, kansa wajen kujeru, ƙafafunsa wajen ƙofa. Royce ko kallonsa bai yi ba. Ya jera katako biyu, ya tura sef ɗin ciki kusa da Wendell, har motar ta zauna a kan tayoyin baya. A cikin shagon matar Ostlund tana kiran sunan mijinta, shi kuwa ba ya amsawa.

"Ka kashe shi, Royce?"

"Ke, mu ware!"

Ta taka. Tayoyi huɗu suka kama ƙanƙara lokaci guda, turbo mai ƙara wa inji ƙarfi ya yi fito, motar ta fita daga lungun kamar an harbo ta.

Wannan mota ita ce abu ɗaya a rayuwar Lorna da bai taɓa ba ta kunya ba. Wagon ce mai dogon baya, ruwan toka, irin wadda a arewacin Minnesota ta Amurka ake ganin ta a ƙofar kowace makaranta da kare a ciki. Ba ɗan sandan da zai kalle ta sau biyu. A cikinta ta yi ta jigilar mahaifiyarsu asibiti har tsohuwar ta rasu, a cikinta take ɗauko itace da buhunan gishirin narkar da ƙanƙarar hanya. Amma duk tayoyinta huɗu suna ja, kuma idan turbo ya shiga sai ka ji kujera ta rungume bayanka. Wendell ne ya yi ta fariya da ita a mashaya, har maganar ta faɗa kunnen Royce, wani ɗan birni mai takalmi mai ƙyalli da ya zo garin a lokacin kaka, ba wanda ya san dalili. Lorna ba ta taɓa ƙaunar mutumin ba. Ta shiga ne don ta san Wendell zai je ko da ita ko ba ita, kuma ita ta raine shi, ba za ta bar shi a hannun wani direba ba.

A kwanar coci sef ɗin ya zame ya danne Wendell da jikin mota. Ya yi ƙara. Ta ce ya yi haƙuri, asibiti za su, yanzu-yanzu.

Royce ya ce ba maganar asibiti. Ta ce to ya harbe ta ya karɓi tuƙi a kan wannan gudun, ta gani. Ta nufi asibiti.

Asibitin yana ɗaya gefen tafkin garin, wanda sanyi ya daskarar, kuma hanyar da ke zagayawa tana bi ta kan gada. Da suka hau tudu suka hango gadar: motocin 'yan sanda biyu a gicciye, fitilu ja da shuɗi suna juyawa. Ga jiniya kuma a baya.

Lorna ta murɗa sitiyari ta gangara wajen da ake sauke jiragen ruwa da rani. Akwai allo a kafe cewa an rufe hanyar ƙanƙara. Ta wuce ta gefensa, ta hau tafkin.

Nan take ta ɗaga ƙafa daga totur. Ta sauke gilashinta har ƙasa, ta cire bel, ta buɗe makullin ƙofofi, don in ƙanƙara ta fashe a sami hanyar fita. Haka kowa yake yi a nan, tun kafin ya iya karatu yake ganin ubansa na yi. Motar da ɗazu take tashi sama ta koma tafiyar mai keke.

"Uban me kike yi?" in ji Royce. "Rufe gilashin nan, sanyi zai kashe mutum. Taka mana!"

Ba ta tsaya yi masa bayani ba. Ƙarshen Maris ne, ƙanƙarar ta yi duhu, ruwa na kwance a samanta. Mota in tana tafiya a kan tafki, ƙanƙara lanƙwasawa take a ƙarƙashinta, ta tura igiyar ruwa gaba. In ka bi a hankali, igiyar ta wuce abinta. In ka yi gudu ka kamo ta, musamman kusa da gaɓa inda ba zurfi, sai ta tsage ƙanƙarar daga ƙasa. Ga su kuma da sef mai nauyin saniya.

A madubi ta ga motar 'yan sanda guda ɗaya ta sauko a bayansu. Ta san mai ita. Emmett Haugen ne, tare suka yi makaranta. Shi ma gilashinsa a ƙasa, ƙofarsa a ɗan buɗe, yana tafe a hankali kamar mai rakiyar gawa. Ya kashe jiniya. Ta san abin da yake faɗa wa na gada a rediyo: kada kowa ya ƙara hawowa, a tura motar asibiti ɗaya gefen, a jira.

Haka aka yi ta bin juna, ba mai gudu, ba mai tsayawa. Ƙanƙara na nishi a ƙarƙashinsu. Royce ya ɗaura bel ɗinsa don ƙarar gargaɗin motar ta dame shi, yana ta waige, gumi a goshinsa duk da sanyin.

Wendell ya daina ƙara. Wannan shi ya fi tsorata ta.

"Wen, yi mini magana."

"Ina jin barci, Yaya."

Ta ce wa Royce su jefar da sef ɗin. In nauyi ya ragu za ta iya ƙara ɗan gudu, su isa da yaron da rai. Ta roƙe shi, ita da ba ta taɓa roƙon kowa ba. Royce ya yi dariya ta hanci, ya ɗora mata bakin bindiga a ƙasan kunne.

"In nauyi ne matsalarki, 'yar ƙauye, ga wanda za a jefar can. Ai ya riga ya gama aiki."

Wani abu ya mutu a ƙirjinta a lokacin. Tsana ce ta maye wurinsa, mai sanyi, ba hayaniya. Ta taka burki a hankali, motar ta tsaya a tsakiyar tafki.

"Ɗauki motar," ta ce. "Ɗauki sef ɗin. Ka bar mini ƙanina kawai. Emmett zai kai mu."

Royce ya dube ta, ya dubi gaɓar da ke can gaba, layin bishiyoyi baƙi wuluk. Ya tsallako kujerar direba tana fita. Ya ja gilashi sama, ya sake ɗaura bel. Sai ya ɗan sauke gilashin ya tambaye ta ta ina zai bi.

Da ta yi shiru ma, da wataƙila tsoro ya sa ya lallaɓa. Amma ta tuna matar Ostlund tana kiran mijinta, ta tuna kalmar da Royce ya faɗa a kan Wendell.

"Miƙe sosai, ka nufi farin gidan can," ta ce. "Sirrin shi ne gudu. In kana gudu ƙanƙara ba ta jin nauyinka. Taka totur har ƙasa, kada ka ɗaga sai ka hau gaɓa."

"Da can kin sani kika tsaya kina rarrafe?"

"Ni tsoro nake ji. Kai ai namiji ne."

Ta zagaya baya ta buɗe but. Wendell ya yi fari fat, idonsa rabi a rufe. Ta kama ƙafarsa ta ja. Bai motsa ba, sef ɗin ya danne masa ƙugu. Ta sa kafaɗa ta tura ƙarfen, ko gezau.

"Royce, zo ka kama mini. Minti ɗaya kawai."

A nan ne Emmett, ganin sun tsaya, ya kunna lasifika ya kira sunanta.

Royce ya ji. Ya dubi madubi. Ya sa giya.

"Tsaya! Yana ciki! Royce!"

Tayoyi huɗu suka kama. Ko santsi ba su yi ba, tayoyin sanyi ne masu kyau, ita da kanta ta zaɓa. Motar ta fizge, ta ja Lorna a kan gwiwoyi, sannan ta bar ta kwance da takalmin Wendell a hannu.

Ta tashi ta bi da gudu. "Ƙarya na yi! Rage gudu! Ƙarya ce!"

Ya riga ya sake rufe gilashinsa. Turbo ya yi fito.

Duk abin da Wendell ya taɓa faɗa a kan motar nan a mashaya, a ranar ta cika shi. Ta miƙe sak, ba lilo, ba karkata, ruwa na tashi a gefenta biyu, ƙofar but a ɗage. Lorna ba ta taɓa ganin motarta daga waje tana irin wannan gudu ba. Ta yi kyau ƙwarai.

Saura kaɗan ta kai farin gidan aka ji ƙara kamar an sare babbar bishiya. Ƙanƙara ta ɗaga a gabanta, ta tsage. Hancin motar ya nutse, ya ɗago, sannan nauyin sef ya ja bayanta ƙasa. Ruwa ya shiga ta buɗaɗɗen but. Fitilun suka ɗan yi haske a ƙarƙashin ruwa, suka mutu.

Ba wanda ya fito.

Emmett ya iso da ƙafa, ya same ta a durƙushe. Bai zaro bindiga ba. Ya cire rigar sanyinsa ya yafa mata, ya daɗe yana kallon baƙin ramin can nesa. Ostlund ya cika a hanyar asibiti, ya ce mata, gara ta ji daga bakinsa. Masu ninƙaya ba za su iya shiga ba sai gobe, in ƙanƙarar ta yarda.

Da masu ninƙayar suka shiga, sun sami Royce a kujerarsa da bel a ɗaure. Wendell kuwa yana inda ta bar shi, hannunsa ɗaya a miƙe wajen ƙofa. Likita ya ce ruwa ne ya kashe shi, ba harsashi ba, kuma da ya isa asibiti da akwai fata. Amma wannan duk daga baya ne.

A ranar, a kan ƙanƙara, Emmett ya sa mata ankwa ta gaba don ta ƙi sakin takalmin. Suna tafiya wajen motarsa ya girgiza kai.

"Wane irin mahaukaci ne zai yi gudu haka a kan tafki a watan Maris? Ke 'yar nan ce, Lorna. Ba ki gaya masa ba?"

Ta dubi takalmin. Igiyarsa a kwance take, Wendell bai taɓa iya ɗaure takalmi da kyau ba tun yana ƙarami.

"Ni na ce masa ya taka," ta ce.