Goro a Gurbin Wasiƙar Sarki

Ranar Litinin da hantsi, cikin bazarar 1986, aka kira Sufeto Katung zuwa wani ƙaramin gidan tarihi a garin College Park, can ƙasar Turawa. An sace allon yumɓu da bai fi tafin hannu ba, wasiƙar da wani sarki ya aika wa ɗan'uwansa shekara dubu uku da suka wuce.

Ba a fasa akwatin gilashin da allon ke ciki ba, da makulli aka buɗe. A gurbin allon an ajiye wani jan abu da Turawan 'yan sanda suka yi ta jujjuyawa, har wani na cewa guba ce. Katung, mutumin Kafanchan wanda shekara goma sha ɗaya ke nan rabonsa da gida, kallo ɗaya ya yi masa kewa ta kama shi. Goro ne, tukuicin da ake ba wanda ya kawo saƙo.

Dokta Pauline, mai kula da allunan, ta ce mutum biyu ke da makulli, ita da maigadi, Malam Dabo. Shi ne ma kullum ke roƙonta ta karanta masa wasiƙar. Sarkin na cewa: ina gida, ina yara, ina dawaki? Na yi jinya, ba ka aiko an duba ni ba.

Dabo ya tarbi Katung da gaisuwar da ya daɗe bai ji irinta ba, har ta kai ga mutanen gida. Katung ya so a ce ba shi ba ne. Da ya tambaye shi batun goron, dattijon ya rantse rabonsa da goro tun Kano, alhali haƙoransa jajir.

"Baba, wa ke ba gilashi tukuici?"

Dabo ya zaro allon daga aljihu, a naɗe cikin hula. Ya ce shekara bakwai yana rubuta wa ƙannensa, ko layi ɗaya ba su maido ba.

"Wannan kaɗai ke tambayata ina gida. Sai na ga kamar ni aka aiko wa."

Katung bai sa masa ankwa ba. A bakin mota Dabo ya tsaya.

"Sufeto, in an ɗaure ni, za a sanar da gida?"

"Za a rubuta musu."

Dattijon ya gyaɗa kai, ya shiga. "To, madalla. Wataƙila wannan su amsa."