Muryar Mai Zane

Auta tana jera kofuna a faranti ta jiyo dariyar Gwaggo a bakin ƙofar falo, irin dariyar da ake dannewa da gefen mayafi amma ta ƙi dannuwa. Ta san abin da ake yi wa dariyar. Mai Zane ne a falon, saurayin da aka sa musu rana, yana gaishe da Baba da ƙaramar kwamfutarsa a kan cinya.

A da Mai Zane ba ya buƙatar kowa ya yi magana a madadinsa. Bangon littafi yake zanawa a wata maɗaba'a, kuma kaf ma'aikatan wurin babu mai barkwancinsa. Baba da kansa ya sha cewa in yaron nan ya zo gaisuwa sai ya manta da shan maganinsa don dariya. Sai ciwon maƙogwaro ya kama shi. Likitoci suka yi masa aiki, aka ceto rai, murya ta tafi. Tun daga nan sai dai ya rubuta, na'ura ta karanta. Ita kuwa muryar na'urar ta wani baƙo ce da bai taɓa jin Hausa ba. In ya rubuta Allah ya ƙara girma, sai ta ce "kara", kamar karan hura wuta.

Baba ya amsa gaisuwar, kansa a sunkuye, bai yi dariya ba. Wannan ya fi dariyar Gwaggo tayar wa Auta da hankali.

Bayan tafiyar baƙo aka kira ta ɗakin Umma. Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta fara, tana cewa ita dai ba ta taɓa ganin inda aka ɗaura wa yarinya aure da rediyo ba. Yaya, babban wan Auta, ya ce abokansa har sun fara tambayarsa ko da rimot za a riƙa kunna angon. Baba ya ɗaga hannu, kowa ya yi shiru.

"Ba dariyar mutane ce ta dame ni ba, Auta. Idan kika faɗi a ɗaki, ko haihuwa ta zo da gardama, ga na'ura babu caji, da wane baki zai kira miki mutane? A ɗaga bikin nan tukuna."

Sai hawaye suka zubo mata. Da Baba zagin Mai Zane ya yi da ta sami abin faɗa, amma tsoro ta gani a idonsa.

Ta sanar da Mai Zane a waya. Daga baya ya rubuto cewa Baba yana da gaskiya, ta yi haƙuri ta nemi mai lafiya, shi ya yafe mata alkawari. Auta ta karanta, ranta ya ɓaci fiye da yadda na gida suka ɓata shi. Ta mayar masa da cewa ba kyauta ta ba shi alkawarin ba balle ya dawo mata da shi. Bai sake rubutowa ba. Aka ce har wurin aiki ya daina fito da na'urar, sai nuni da hannu.

Ta rame, ta daina zama cikin mutane. Abin da ya rage mata shi ne tsofaffin saƙonnin muryarsa da suka cika wayarta tun farkon haɗuwarsu. A ciki yana waƙa da muryar da ba ta iya waƙa ba, yana kwaikwayon mai gidansu, yana ba ta labarin yadda akuya ta cinye masa zane. Sai ta sa abin ji a kunne ta yi ta saurare, tana dariya tana kuka.

Wata rana ta je cibiyar da aka koya masa amfani da na'urar, ta tambayi malamar wurin ko akwai wata murya da ta fi wannan iya Hausa. Malama ta ce babu a cikin waɗanda suke da su, amma da a ce an naɗi maganarsa da yawa kafin aikin, akwai manhajar da za a iya koya wa muryarsa shi kansa. Auta ta ɗago wayarta. Ta ce tana da ita, cike da waya. Malama ta ce to ta kawo, amma da sharaɗin mai muryar ya yarda.

Auta ta dawo gida da murna, ta yi kuskuren faɗa a gaban Yaya. Ya fizge wayar daga hannunta, ya ce abin da ke hana ta dawowa hayyacinta ke nan, gobe zai kai a yi mata fomatin, a goge komai, kowa ya huta. Ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa, abin da ba ta taɓa yi ba, ya ture ta ya shige ɗakinsa ya kulle.

Umma ba mai yawan magana ba ce, tun da aka fara rigimar ba ta ce komai ba. Da safe ta je ta tsaya a ƙofar Yaya ta miƙa hannu.

"Ba ni. Muryar ɗan mutane ce a ciki, ba taka ba ce da za ka goge."

Ya ba ta yana huci.

Shawo kan Mai Zane ya fi karɓo wayar wuya. Auta ta same shi a maɗaba'a, tsakanin tarin takardu da warin tawada, ya ƙi haɗa ido da ita. Ya rubuta a gefen wata takarda cewa yana tsoron ya ji kansa yana magana alhali bakinsa a rufe. Ta ce ita ma tana tsoro, amma ta gaji da jin tsoron ita kaɗai. Ya daɗe yana juya biro kafin ya gyaɗa kai.

Aikin ya ja lokaci, har Gwaggo ta fara kawo hotunan 'ya'yan ƙawayenta. Ranar da aka gama, Malama ta ce ya rubuta duk abin da ya ga dama. Ya rubuta sunan da yake kiran Auta da shi. Muryarsa ta fito, da ɗan kaushinta da jan ƙarshen kalma da ta sani. Ba daidai take da ta da ba, ba ta iya dariya, amma tasa ce. Ya kifa kai a kan tebur, kafaɗunsa suna rawa.

Da ya koma gaban Baba ya yi sallama, Umma ta saki tsintsiya a tsakar gida. Baba ya ce ya ji daɗin jin muryar, amma tambayarsa tana nan. Mai Zane ya rubuta a hankali, kowa yana jira.

"Baba, caji zai iya ƙarewa, ba zan yi maka ƙarya ba. Na sa wa wayata maɓallin da zai kira maƙwabta da asibiti. Idan shi ma ya ƙi, zan ɗauki Auta a bayana in fita da ita. A ihu kowa ya fi ni, amma ba wanda zai riga ni tashi."

Baba bai amsa a ranar ba. Sai da ya je da ƙafarsa ya ga gidan da za su zauna, ya gaisa da maƙwabta, ya sa aka danna maɓallin a gabansa, sannan ya sa sabuwar rana.

Yaya bai zo ɗaurin auren ba, kuma abin ya daɗe yana cin Auta a rai. Amma ta shiga ɗakinta da albarkar iyayenta, ba ta sa ƙafa ta shure su ba, ba ta kuma saki wanda ta yi wa alkawari ba. Duk ƙawar da ta zo mata da kukan cewa gida ya ƙi wanda take so saboda wata nakasa, abu ɗaya take faɗa mata: ta yi haƙuri ta gano abin da iyayenta suke tsoro, ta nemo masa amsa ta gaskiya, don lalura ba ta rage wa mutum daraja, kuma iyaye ba maƙiya ba ne.