Yarinyar da Ta Goge Muryar Kaka Lea

A wata makaranta a Keffi akwai wata yarinya mai saurin hannu. A ajinsu babu wanda ya kai ta iya kwamfuta. Ita ma ta san haka, shi ya sa ba ta son a ga tana jinkiri.

Malam Zulkifilu ne yake koya musu kwamfuta. A zangon nan ya nuna musu wata baƙar taga da ake kira taminal. Babu hoto a cikinta. Umarni ake rubutawa, a danna maɓallin Enta, kwamfuta ta aikata.

In ka rubuta pwd, sai ta gaya maka foldar da kake ciki. In ka rubuta ls, sai ta jero maka fayilolin da ke wurin. Da cd ake shiga wata folda. Da rm kuma ake goge fayil.

Ranar Al'adu ta matso, ran Juma'a za a yi ta. 'Yan ajin sun ɗauki muryoyin tsofaffi da wayar Malam, don a kunna wa iyaye. Wani tsoho ya ba da labarin lokacin da Masaka gonaki ce zalla. Kakar wani yaro mai suna Natan, Kaka Lea, ta zo daga Agwada ganin likita, ta rera musu waƙar niƙa da yarensu. Tun da ta koma gida muryarta ta dushe, ba ta ƙara iya waƙa ba.

Malam ya zuba muryoyin duka a wata folda mai suna muryoyi. Sannan ya share wayarsa, don ta cika.

Ran Litinin, dab da tashi, yarinyar tana nuna wa ƙawarta Asma'u gwaninta. Ta shiga foldar muryoyi, ta jero sunayen.

"Ke kam kamar injin ɗinki," in ji Asma'u. "Hannunki ba ya gajiya?"

"Wannan ai wasa ne. Ko ido rufe zan yi."

Sai Malam ya leƙo daga bakin ƙofa. "Mai amfani da kwamfuta ta share foldar gwaji, inda kuke koyon aiki, kafin ta kashe. Gobe da safe zan zuba bidiyon rawa, ina neman wuri."

"Bari ki ga wata dabara," in ji yarinyar. "Ba sai na goge ɗaya bayan ɗaya ba. Alamar tauraro tana nufin duka."

Ta rubuta rm, ta sa tauraro, ta danna Enta. Kwamfuta ba ta tambaye ta komai ba. Layi ya sauko, shi ke nan.

Asma'u ta ɗauki jakarta ta fita. Yarinyar ta rubuta ls don ta tabbatar. Babu komai. Sai a lokacin ta kalli gefen layin, inda sunan folda yake. Ba gwaji aka rubuta ba. Muryoyi aka rubuta.

Ta sake rubuta ls. Babu komai. Ta buɗe kwandon shara na kwamfutar, wayam. Abin da rm ya goge ba ya bi ta kwandon shara.

"Kin gama?" Malam ya tambaya, makulli a hannunsa.

"Na gama, Malam."

Ta kashe kwamfutar.

A bakin get ta haɗu da Natan. Yana ta murna.

"An ce Kaka za ta zo ran Juma'a," ya ce. "Ba ta taɓa jin muryarta a lasifika ba. Ta ce in ta ji ba daɗi, ni za ta daka."

Yarinyar ta yi dariyar dole, ta wuce da sauri.

A gida, a Angwan Iya, Mama ta zuba mata doya da miyar ƙwai. Ta yi ta juya cokali, ba ta kai baki ba.

"Ke da doya kun yi faɗa ne?" in ji Mama.

"Kaina ke ciwo."

Mama ta taɓa goshinta. "Wannan kan lafiyarsa ƙalau. Me kika yi?"

Ana haka yayanta Jonatan ya shigo. A Abuja yake aikin gyaran kwamfuta, kullum sai ya sha cunkoson Mararaba kafin ya iso gida. Ya zube a kujera yana cire takalmi.

"Yaya," ta ce a hankali, "in mutum ya goge abu da rm, yana dawowa?"

Jonatan ya ɗago. "Wane mutum?"

"Wani dai."

"Wanin nan yana zaune a gidan nan? Yana ƙin cin doya?"

Sai hawaye. Ta faɗa musu komai.

Jonatan ya daina wasa. "Saurara. In an goge fayil, ba nan take yake ɓacewa ba. Kwamfuta tana cire sunansa ne, ta ce wurin ya zama fili. Amma ranar da aka zuba sabon abu mai nauyi, zai hau kansa. Daga nan babu mai dawo da shi. Akwai wanda ya taɓa kwamfutar bayanki?"

"Babu. Amma Malam ya ce gobe da safe zai zuba bidiyo."

Jonatan ya kira lambar Malam. Ba ta shiga. Ya sake kira, a kashe.

"Yaya, ka zo ka gyara a ɓoye mana," ta roƙe shi. "Kada kowa ya sani."

"A'a," in ji Mama. "Ba a ɓoye za a yi ba. Da hannunki kika goge, da bakinki za ki faɗa. Gobe ki riga malaminki isa."

Washegari ta tashi da wuri, amma ruwan sama ya tsuge. Babu babur ɗin haya na okada ko ɗaya a layinsu. Ta rufe kai da leda ta kama gudu. Taɓo ya ɓata mata safa, ba ta tsaya ba.

Da ta shiga makaranta, ƙofar ɗakin kwamfuta a buɗe take. Malam yana zaune. Ya riga ya kunna kwamfutar, ya soka filash ɗin da bidiyon yake ciki. Yatsansa yana kan Enta.

"Malam, kada ka danna."

Ya juyo. "Lafiya? Dubi yadda kika jiƙe."

"Na goge muryoyin. Duka. Jiya ne. Na ɗauka a foldar gwaji nake. Yayana ya ce in aka zuba bidiyo, shi ke nan."

Malam ya janye hannunsa a hankali. Ya goge umarnin da ya rubuta, ya zare filash ɗin. Sannan ya rubuta history. Duk abin da aka rubuta jiya ya fito a jere. Ga cd muryoyi, ga rm da tauraronsa a ƙasa.

"Jiya na tambaye ki ko kin gama," ya ce.

"Na ji tsoro, Malam."

'Yan aji sun fara shigowa. Natan ya ji abin da ya faru. Ya je ya zauna a can baya, ya kifa kai a tebur. Wannan ya fi mata duka zafi.

Malam ya kashe kwamfutar. Ya tashe ta da wani filash mai manhajar tono abin da aka goge. Lambobi suka yi ta gudu a baƙar taga.

Can sai fayiloli suka fara fitowa. Amma babu suna ko ɗaya, lambobi ne kawai, haɗe da tarkacen da aka goge tun bara.

"Ga aikinki," in ji Malam. "Za ki saurari kowanne. Wanda namu ne, ki mayar masa da sunansa da umarnin mv. Babu fita hutu sai kin gama."

Ta sa abin ji a kunne. Wannan ƙarar fanka ce. Wancan tsohon Masaka ne. Wani ya dawo rabi. Ana wasa a waje, ita tana zaune. Talata ta wuce, babu Kaka Lea. Laraba ma haka, kuma fayilolin sun kusa ƙarewa.

Ran Alhamis ta buɗe wani. Ta ji tari, ta ji dariya. Sai wata tsohuwar murya ta ɗauki waƙa.

Ta cire abin jin ta miƙa wa Natan. Ya saurara har ƙarshe.

"Ita ce," ya ce. "Har tarin ma yana nan."

Malam ya tara ajin. "Ni ma da laifina," ya ce. "Abu mai daraja ba a ajiye shi wuri ɗaya." Ya nuna musu yadda ake kwafar folda da cp -r zuwa filash. Ya nuna musu rm -i, mai tambaya kafin ya goge. Yarinyar ce ta yi kwafin, a hankali, tana karanta kowane layi.

Ran Juma'a iyaye suka cika fili. Aka kunna lasifika. Kaka Lea ta ji muryarta, ta rufe baki da gefen zane tana dariya.

"Wace yarinya ce wannan mai zaƙin murya?" ta ce. Kowa ya fashe da dariya, har yarinyar.

Daga ranar ta koyi abu biyu. Kafin ka goge abu, ka tsaya ka duba inda kake. In kuma ka yi kuskure, ka faɗa da wuri, tun ana iya gyara shi.