Agogon da Ya Koma 1980

A wani shagon kwamfuta da ke unguwar Nima ne Nashiru ya fara ganin Mulikatu, shekarar 1998, lokacin da wuta ke yawan ɗaukewa. Ta leƙo allonsa, inda yake rubuta shirin kwamfuta, ta ce, "Chale, abokina, kana haɗa shiri ko kana dambe da shi?"

Tun daga nan bawan Allah ya kamu.

Mahaifinta, Alhaji Iliasu mai goro, bai ɓoye ba: "Danne-danne ba sana'a ba ce. Ka samu aiki tukuna." Ga wani Abukari mai mota, shi ma yana neman ta, yana ta zarya gidansu a unguwar Maamobi.

Wani kamfanin sufuri ya ce zai ɗauki Nashiru in shirinsa na tikiti ya tashi ranar Juma'a. Shirin kuwa ya ƙi haɗuwa. Mulikatu ta gyara masa a kwamfutar gidansu, ta aiko da faifai da 'yar takarda: "Nash nawa, na gyara. Ka ci abinci."

Ya saka, ya kunna manhajar da ake kira make, wadda ke tattara sassan shiri ta ɗinke su. Ta ce babu sabon abu. Kuskuren na nan daram. A ranar kuma aka tsegunta masa an ganta a motar Abukari.

Da ta zo shagon, ya ce mata, "Ba ki taɓa shirin ba, Muli. Kina can kina shan iska."

Kalmar ta yi mata zafi ƙwarai. Asibiti Abukari ya kai su, ita da innarta. Ba ta tsaya bayani ba, ta ja kujera ta buɗe jerin fayiloli.

Ta nuna masa wanda ta gyara ta ce, "Karanta ranar."

Janairu 1980. Ashe batirin agogon kwamfutar gidansu ya mutu, kowace ɗaukewar wuta sai ya koma baya. Ita kuma make kwanan wata take dubawa, sai ta ɗauki gyaran Mulikatu a matsayin tsohon aiki ta tsallake shi.

Suka goge tsofaffin sassan, suka sake haɗawa. Shirin ya tashi.

Nashiru bai iya murna ba. "Na yarda da inji, na ƙaryata ki. Ki yafe mini."

"Gobe in wani abu ya ƙi, ni za ka fara tambaya."

"Wallahi ke."

Ya samu aikin. Ranar ɗaurin aure Alhaji Iliasu ya riƙe hannunsa ya ce, "Har yau ban gane sana'arku ba. Amma ta ce kai take so. Allah ya ba ku zaman lafiya."