Ɓerayen Shaida

Gab da magariba na sauka daga motar danfo a Isolo. Wayata na manta a wurin aiki, shi ya sa na juyo tun ban kai Agege ba.

A wurin namu tururin sinadarin fenti ake gwadawa. A zuba fararen ɓeraye a akwatin gilashi, a sakar musu tururi, masana su duba huhunsu. Ni nawa shara da ba da abinci. A wajen akwatin akwai keji mai ɓeraye shida, ɓerayen shaida, iskar ɗakin kawai suke shaƙa kamar mu. Muddin suna raye, gilashi ba ya yoyo. Yaya Abdulgani, ɗan wan babana, shi ya samo min aikin, shi ke buɗe ɗakin kullum da sassafe.

"Iliyasu, in shaidu garau, kai ma garau," haka yake cewa. Wallahi ko a mafarki ban taɓa zarginsa ba.

Maigadi na alwala. Na shiga.

Inji a kashe. Wani wari mai zaƙi-zaƙi ya daki hancina. Sai na ji numfashi. Ba na ɓera ba ne, na babban mutum ne, yana fita da fito.

Mutumin yana tsugune gaban kejin shaida, sanye da shuɗiyar rigar aiki irin tawa. Ban ga inuwarsa a ƙasa ba.

"Kai ne ka gaje ni?" ya ce a hankali. "Ni ne Khamisu."

Khamisu! Wanda Yaya ya ce ya gaji da Legas ya koma noma Daura.

"Leƙa kejin."

Na leƙa. Huɗu a cikin shidan sun mimmiƙe, bakinsu da kumfa.

"Leƙa ƙarƙashin tebur."

Kwali ne mai huji. Sababbin ɓeraye shida, an riga an rubuta musu lamba a wutsiya. Na san rubutun, na Yaya ne, da shi ake aika wa babana wasiƙa.

"Kafin ka zo yake canja su. Ni ma na yarda da shi."

Ƙirjinsa ba ya motsi, amma fiton na ƙaruwa.

Matattun ɓerayen suka fara numfashi tare da shi.

Ƙirjina ya kama bin su.

Na ja iska, ta ƙi shiga. Na so yin salati, ba murya.

Da rarrafe na kai ƙofa. Maigadi ne ya jawo ni waje ta wuyan riga.

Kwanana goma sha ɗaya a asibiti. Likita ta ce huhuna ɗaya ya lalace, ba zai gyaru ba. Da Yaya ya zo dubiya na gaya masa duk abin da na gani. Bai musa ba.

"Haba ƙanena, in oga ya ji ana yoyo rufe wurin za a yi. 'Ya'yana biyar fa."

Sai ya ajiye min lemo ya tafi.

An rufe wurin daga baya. Ni yanzu ko Fatiha sai na tsaya sau uku kafin in kai ƙarshe, kuma duk magariba ina jin fiton nan a bayana. Na so a ce Yaya yake bi. Amma Yaya lafiyarsa ƙalau, jiya ma shi ya ja mu salla a masallacin layinmu.