Ƙofofin Gwaggo Mwantumu

Riziki tana durƙushe a tsakar gida tana kankare kwakwa, sai ga Gwaggo Mwantumu ta fito daga ɗaki tana gyara mayafi, ta ce a fara haɗa kaya, jibi za a tafi yawon buɗe ido.

"Yawon me, Gwaggo?"

"Kunnenki ƙalau yake. Pangani, Bagamoyo, Kilwa. Kwana uku mu dawo. Ku yaran yanzu ba ku san inda kuka fito ba, sai latsa waya!"

Riziki ta waiwaya ta dubi mahaifinta, Mzee Sefu, amma sai ya kai ɗan kofin gahawarsa baki ya ƙi yarda su haɗa ido. Nan take ta sha jinin jikinta. Duk unguwarsu a Tanga an san Gwaggo: ko kasuwa aka ce ta je sai ta kawo zancen ciwon gwiwa. Shekara ashirin ke nan da ta baro gidan miji ta dawo wurin ƙaninta, ita ta raini Riziki bayan rasuwar mahaifiyarta, kuma in dai maganar aure ce a gidan nan, abin da ta faɗa shi ake yi.

"Wa zai kai mu?"

"Wannan yaron naki mai gyaran injin jirgin ruwa mana. Ba yana da mota ba? Tunda ya ce kakarsa tana Kilwa Kivinje, ma biya mu gaishe ta."

Sati uku ke nan da wakilin Hemedi ya kawo takardar neman aurenta, naɗe cikin farin hankici kamar yadda aka saba. Ba a ba da amsa ba, ba a kuma mayar da ita ba, tana can cikin akwatin Gwaggo. Da safiyar tafiya, Gwaggo ta buɗe jakar hannunta za ta ɗauko man zafi, Riziki ta hango bakin farin hankicin nan a ciki. To, wa ke tafiya yawon buɗe ido da takardar neman aure, in ba mai niyyar mayar da ita ƙofar masu ita ba?

A Pangani ko gama hutawa ba su yi ba Gwaggo ta ja su cikin tsohon gari, gwiwar nan tana aiki kamar ta budurwa. Ta tsaya gaban wani gida mai bene da ya fara zubewa, ta dafa ƙatuwar ƙofarsa mai sassaƙen furanni.

"Kun ga wannan? Ta kakan kakanmu ce. Mutanen da sai sun sassaƙa ƙofa kafin su tayar da gini, domin ƙofa ke faɗin ko kai ɗan wane ne."

Tari ya sarƙe Mzee Sefu, ya juya baya yana kallon kogi.

"Kai Hemedi, ku wane irin zane ne a taku ƙofar?"

Hemedi ya sunkuyar da kai. Dogo ne, mai sanyin magana, hannuwansa duk kanta saboda riƙon ƙarfe. "Gidanmu ƙarami ne, Gwaggo."

"Ƙarami ko babba, ai idona zai gani."

Riziki ta ji kamar ta fashe da kuka a tsakiyar titi. Shekara biyu suna tare, kullum abin da yake ce mata ke nan, gidanmu ƙarami ne, ita kuwa ba ta taɓa tambayar ƙanƙantarsa ta kai ina ba.

Washegari a Bagamoyo abin ya ƙaru. Gwaggo ta nuna wata ƙofar mai manyan ƙusoshin tagulla ta ce ta dangin uwarsu ce, a kangon Kaole da ke kusa kuma ta tsaya kan wani tsohon kabari mai dogon ginshiƙi ta yi addu'a har da share ƙwalla. Duk inda ta tsaya sai ta waiwayo ta auna Hemedi da ido. Mzee Sefu kuwa tarinsa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Riziki ta tabbata ya san abin da ake ƙullawa, kunya ce ta hana shi magana. Ta matsa kusa da shi.

"Baba, don Allah me Gwaggo ke shiryawa?"

Ya miƙa mata alewar da ya saya a hanya. "Ki ci alewarki, Riziki."

Shi ma Hemedi bai bar ta ta huta ba. Sau uku yana zamewa gefe yana waya ƙasa-ƙasa, sannan ta gan shi ya fito daga wani shago da sababbin zannuwa biyu na mata, ya cusa su a but ɗin mota yana waige-waige. Bayan la'asar, su Baba na zaune a inuwa suna kallon masunta suna sauke kifi, ta tare shi a bakin ruwa.

"Zannuwan wa ka ɓoye? Mata gare ka a Kilwa?"

"Haba Riziki! Na Kaka ne. Ba ta da na fita gaban baƙi. Wayar ma maƙwabciyarta nake roƙo ta share mata tsakar gida."

"Yaya gidan yake? Ka gaya mini gaskiya."

"Ɗaki ɗaya ne na laka, rufin ganyen kwakwa. Ba ƙofa, tabarma ake sakewa. Kakana masunci ne, ubansa ɗan dako. Iyakarta ke nan."

Hawaye suka zubo mata. Ba talaucin ne ya tsorata ta ba, fuskar Gwaggo take hangowa a gaban wannan tabarmar. "Shi ke nan, ta gama da mu! Takardarka tana cikin jakarta, na gani da idona." Ta share fuska, ta rage murya. "Hemedi, filis, ka saurare ni. Ai ka taɓa ce mini Kivinje cike take da manyan gidajen da babu kowa a ciki. Ka nuna mata ɗaya kawai, ka ce naku ne, ya lalace kuka tashi. Wa zai ƙaryata ka?"

Ya daɗe yana kallonta, irin kallon da bai taɓa yi mata ba. "Ita kuma Kaka in ce wace ce? Mai yi mana shara?"

"Ba haka nake nufi ba! Na kwana ɗaya ne fa, don mu!"

Ya zaro mukullin mota daga aljihu ya tafi duba ruwan inji.

Tafiyar rana ta uku doguwa ce, kuma babu mai hira sai Gwaggo. Suka ratsa Darussalam, suka haye gadar kogin Rufiji, Hemedi bai kalli madubi ko sau ɗaya ba, shi da kullum ta nan yake satar kallonta. Riziki ta rasa abin da za ta roƙi Allah. In ya bi shawararta sun fara aure da ƙarya, in ya ƙi sun rasa auren, ga kuma wani sabon tsoro da ya kama ta, kada ya zama ta zube a idonsa tun jiya.

Sun shiga Kivinje rana ta karkata. Hemedi ya faka a gindin wani tsohon mangwaro, suka taka cikin lungunan gidajen dutse, bishiyoyi sun tsiro ta tagoginsu. Can Gwaggo ta ja birki gaban wani makeken gida, ƙofarsa ta fi duk waɗanda suka gani kyau, an ɗaure ta da sarƙa mai tsatsa.

"Ikon Allah! Hemedi, ko wannan ne naku? Na ga kana ta kallonsa."

Lungun ya yi tsit, ba kowa sai wata akuya. Riziki ta runtse ido.

"A'a Gwaggo, ba namu ba ne. Kakana dai ya sha kawo kifi ƙofar nan. Namu yana baya, in za ku iya takawa."

Suka bi shi ta bayan gidan, suka ratsa gonar rogo, har zuwa wani ɗan ɗaki da aka share gabansa tas. Hemedi ya yi sallama, ya ɗaga tabarmar da hannunsa. Wata tsohuwa 'yar firit ta fito tana laluben bango, idonta ya yi fari da yana.

"Mijin nawa ne? Sai yau ka tuna da ni, ɗan nema!"

Ya durƙusa ya sumbaci hannunta. "Gwaggo, Baba, ga kakata Bi Tatu. Da kuɗin soyayyen kifi ta yi mini makaranta. Ita ce asalina, ba ni da wani."

Gwaggo Mwantumu ta tsaya tana kallon tabarmar, ta kalli tsohuwar, sannan ta cire takalmi ta zauna a ƙasa daɓas, ta miƙe ƙafa.

"Wash, gwiwata! Sefu, ka yi dariyarka yanzu kada ta kashe ka."

Mzee Sefu ya tuntsure da dariya har hularsa na faɗuwa. "Wallahi Yaya kin iya! Kabarin mutane fa kika tsaya kina wa kuka!"

Riziki ta yi tsuru-tsuru. "Gwaggo, ƙofar Pangani fa?"

"Oho! Ban san mai ita ba. Ta Bagamoyo ma jiya na fara ganinta. Kakanmu gishiri yake dafawa a bakin teku, ƙafarsa duk faso." Ta juya wurin Hemedi, muryarta ta canza. "Yaro, tun kafin takardarka ta kwana uku na san gidan nan, na aiko an duba mini. Ba shi na zo gani ba. Ni mutumin da na aura, gidan abokinsa ya nuna wa mahaifinmu a Zanzibar, har da ƙofar tagulla. Bayan biki ya kai ni ɗakin haya. Ɗakin bai dame ni ba, amma shekara goma sha ɗaya kullum da sabuwar ƙaryar da zan karya kumallo da ita. Na rantse 'yar da na raina ba za ta sha wannan ba. Da ka ce mini gidan can naku ne, da a bakin ƙofarsa zan ajiye maka takardarka. Ka gaya wa wakilinka ya zo ranar Juma'a, amsa tana jiransa."

Bi Tatu ta rangaɗa guɗa da 'yar muryarta. Mzee Sefu ya kama hannun Hemedi ya riƙe. Riziki kuwa ta kasa farin ciki, abin da ta faɗa a Bagamoyo ya danne mata ƙirji. Gwaggo ta lura da ita, ta kanne ido ɗaya.

"Hemedi, ba wanda ya ba ka shawarar ka nuna mini gidan aro?"

"Gwaggo, ai magana ta wuce."

Ya rufa mata asiri, kuma wannan ya fi mata ciwo fiye da a ce ya tona. Ta zube gaban Bi Tatu tana kuka. "Ni ce! Ni na ce ya yi ƙarya, ya ɓoye ki. Kaka ki yafe mini. Tsoro ne ya kama ni, na ɗauka za a raba mu."

Gwaggo ta buɗe baki za ta fara faɗa, tsohuwar ta ɗaga mata hannu. Ta laluba ta kamo fuskar Riziki, ta shafa kumatunta da yatsunta masu kaushi.

"Yarinyar da ta tona kanta ba a tambaye ta ba, ni ta yi mini. Tashi ki hura mini wuta, baƙi sun sha hanya."

Riziki tana durƙushe gaban murhu, hayaƙi da kuka sun haɗu sun rine mata ido, Hemedi ya kawo itace ya ajiye a gefenta. Ta kasa ɗaga kai.

"Har yanzu kana so wakilin ya je ranar Juma'a?"

"Jiya na ji haushinki, ba zan ɓoye miki ba. Amma na san saboda ni kika faɗa." Ya gyara itacen a wuta. "Da na bi maganarki, Riziki, da yau kin gode mini. Amma duk ranar da na ce miki ina sonki, sai kin tuna cewa na iya ƙarya ban ƙifta ido ba."

Ta ɗago ta dube shi, ta gyaɗa kai.

Wata biyu bayan nan aka ɗaura aure a Tanga, aka ɗauko Bi Tatu a gaban mota, ta zauna kusa da Gwaggo Mwantumu suna gardamar wadda ta fi iya dafa shinkafa da kwakwa. Riziki ta yi zaman aure cikin kwanciyar hankali, domin ko wace magana mijinta ya faɗa mata ba ta kwana tana juya ta.

'Yan'uwana 'yan mata da samari, tsoron rabuwa yana sa mai hankali ya ba da muguwar shawara, kuma ba duk binciken iyaye ne ƙiyayya ba. Ku yi haƙuri da su, kada ku yi wa soyayya ado da ƙarya. Wanda bai ji kunyar nuna kakarsa a ɗakin laka ba, ba zai ji kunyar matarsa ba ranar da duniya ta juya mata baya.